Zinarin Cikin Baffa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffana, yayan mahaifina, mai tsire a unguwar Mansur ta Makka, ya riga mu gidan gaskiya. An yi masa salla a Harami, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Shara'i. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Da so samu ne, iyakar abin da zan faɗa ke nan in ja bakina in yi shiru, amma masu zuwa gaisuwa ba su bar ni ba.

Mun jera kujeru a lungu kamar yadda ake yi a nan, ana zagayawa da gahawa da dabino. 'Ya'ya mata Allah ya ba Baffa, don haka ni ne a tsaye ina karɓar gaisuwa. Maƙwabtanmu Larabawa su zo, su yi addu'a a taƙaice, su kurɓi gahawa, su kama gabansu. Namu kuwa, sai mutum ya riƙe hannuna, ya ja addu'a har ta gaji, sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Malam, wai da gaske ne da zinarin aka rufe shi?"

Na farko na ce masa Allah ya ba da lada. Na biyu ma haka. Na uku wani dattijo ne mai sayar da tasbaha da dadduma, shi ko kunya bai ji ba, ya ce, "Ya shekh, kamar giram nawa zai yi?" A cikin gida kuma, wata mata ta dubi Inna, matar Baffa, da idonta ya kumbura don kuka, ta ce ai da an sa likita ya ciro wa marayu abinsu. Kafin a tashi gaisuwar ranar farko, labari ya zama wai haɗiye shi ya yi don kada a gada. Mutum ɗaya ne bai tambaye ni komai ba, wani tsoho mai shayi da suka shekara aru-aru suna maƙwabtaka a bakin titi. Ya zauna a kujerar ƙarshe yana share hawaye da gefen hiraminsa, yana cewa, "To yanzu wa zai yi mini faɗa?"

Haushi ne ya sa na zauna rubuta wannan, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun zinari, har ya rabu da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya a kansa, ba zan zuba ido ya koma "Alhaji mai zinari a ciki" a bakin mutanen Mansur ba. Eh, akwai zinari a cikinsa, kuma da shi aka binne shi. Amma ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Tun ba a haife ni ba Baffa ya zo aikin hajji daga Kano, jirgi ya koma, shi bai koma ba. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya kafa tukubar tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya suna bin layi a kansa. Ya daɗe yana wasan ɓuya da masu kame kafin Allah ya sa takardarsa ta zama ta gyaru. Magana ɗaya ya fi yi a duniya: "Ba haka ake yi ba." Ya faɗa wa mai yanka albasa, ya faɗa wa direban tasi, ya faɗa wa mai ɗaura rawani. Na taɓa jin ya faɗa wa kyanwa, don ta ɗauki guntun nama ta gudu maimakon ta ci a gabansa. Duk ɗalibin da ya sauka daga gida sabo, da ƙoƙon wuyansa a waje, zai ci tsiren Baffa kyauta har ya gane gari, amma fa zai ci shi ne haɗe da faɗa: wandonka ya yi tsawo, gaisuwarka ta yi gajarta, wa ya koya maka riƙe tsinke haka?

Rigimarsa da mahaifina kuwa ina ƙarami aka yi ta. Baba ya zo sauke farali, ya sauka a gidan yayansa. Ana gobe za su tashi, ya shiga kasuwa ya sa haƙorin Makka, na zinari, kamar yadda rabin jirginsu suka yi. Ya dawo yana ta washe baki, aka kawo abinci, ya miƙa hannu. Baffa ya janye kwanon.

"Zinari haramun ne ga namiji. Ba za ka sa hannu a kwanona ba sai ka cire abin nan."

"Haba Yaya, kowa fa yana sawa. Shaida ce na zo."

"Wanda ka zo dominsa ya gan ka. Je ka cire."

Baba ya tashi, ya ɗauki jakarsa, ya koma masaukin alhazai. Shi ke nan. Sama da shekara ashirin ko sallama ba ta haɗa su ba. Da na samu gurbin karatun fiƙihu a Makka, na zaci Baffa zai kore ni, sai ya buɗe mini baki ya duba, kamar mai sayen rago, ya ce in shigo da kayana. Tun daga ranar na zama ɗan aike tsakanin tsofaffi biyu masu waya a aljihu. "Ka gaya wa ubanka." "Ka faɗa wa baffan naka." Ko da ƙanwarsu ta rasu, ta bakina suka yi wa juna gaisuwa. Duk hutun da na dawo daga gida, Baffa zai bari sai na gama ba shi labarin kowa, sannan ya tambaya yana kallon wuta, "Har yanzu abin yana bakinsa?" In ce yana nan. Ya yi tsaki ya juya tsire. Na yi roƙo, na kawo aya, na kawo hadisi, na sa manya baki. Kowannensu sai ya ce ɗayan ya fara.

Ciwon ya faro ne daga baya, ciwon baya mai ratsowa ta ciki. Baffa ya ce tsayuwa ce a gaban wuta. Ya sha habbatus sauda, ya sha zuma, ya je aka yi masa ƙaho har sau ba adadi. Ya rame, rigunansa suka yi masa yawa, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Sai da Inna ta ɓoye masa wuƙaƙen aiki sannan ya yarda muka je asibiti. Larabcin Baffa na kasuwa ne, ya iya ciniki da faɗa, amma bai iya na likitoci ba, don haka ni ne tafinta.

Bayan gwaje-gwaje, likitan ya zaunar da mu. Mutum ne mai sanyin magana, yana kiran Baffa "ya ammi", wato baffana. Ya ce ciwon daji ne, a wani abu da ya kira bankiriyas. Na juya zan fassara, na rasa sunan abin da Hausa.

"Hanta?" in ji Baffa.

"A'a."

"Saifa? Ƙoda? Matsarmama?"

"Ba su ba ne, Baffa. Wani abu ne dogo mai kama da kitse, yana kwance a bayan tumbi, manne da farkon hanji."

Ya shiga lissafa kayan cikin rago a ransa. Can ya ɗago. "Wannan ɗin da nake jefa wa kyanwoyi?"

"Kamar shi ne."

"Ikon Allah. Shi ne zai kashe ni?"

Likita bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce ƙarin ya naɗe jijiyoyin jini, ba ya yankuwa. Aka fara da maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, watanni Baffa yana sha yana zagin ɗanɗanon bakinsa. Ƙarin ya tsaya bai yaɗu ba, amma ciwon bayan yana nan. A zaune yake barci, ya rungume matashi ya duƙa gaba. A zaune yake salla, kuma wannan ya fi komai ci masa rai, don shi a wurinsa sallar kujera ta ragwaye ce, ya sha faɗa wa mutane haka a fuskarsu.

Sai likita ya kawo wata shawara. Ya ce akwai na'ura mai harba wani irin haske mai ƙarfi, tana zagaya mutum tana harbowa ta ko'ina, duk ya haɗu a wuri ɗaya, kan ƙarin kaɗai. Ba zaman wata da watanni ba ne, 'yan zama ne ƙalilan, amma kowanne mai nauyi. Ya ce ba warkewa ba ce, kada mu yaudari kanmu. Ana fatan dai ta danne ƙarin, ta rage ciwo. Na ce wa Baffa haske ne. Ya ce hasken me, fitila? Na rasa yadda zan yi, sai na ce, "Abin nan ne da a gida ake ce wa gashi."

Wallahi da na san abin da kalmar nan za ta jawo mini, da na nemi wata. Baffa ya gyara zama. An shigo fagensa.

"Gashi? Ni za a gasa? Tambaye shi, da gawayi ko da gas?"

"Baffa, babu wuta."

"Gashi babu wuta? Ba haka ake yi ba."

Likita ya ci gaba da bayani. Ya ce matsalar ita ce abin yana motsi duk lokacin da mutum ya ja numfashi, ga tumbi da hanji a kusa, su kuma ba a so hasken ya taɓa su. Don haka za a zura wani bututu ta baki, Baffa yana barci, a dasa 'yan alamomi uku a jikin ƙarin, kowacce ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, don na'ura ta riƙa ganinsu tana saiti. Baffa yana ta gyaɗa kai, wannan ya yi masa daidai, ya ce ko shi ba ya ɗora nama sai ya tsire shi ya zauna. Sai likita ya ƙara kalma ɗaya, ya ce alamomin na zahab ne, wato zinari.

Wannan kam bai nemi tafinta ba. Ya laluba takalminsa da ƙafa, ya miƙe.

Mako biyu muna abu ɗaya. Na ce masa malamai sun halatta idan lalura ce, kuma wannan ba ado ba ne, ba wanda zai gani. Ya ce, "Allah fa?" Na ɗauko littafi, ya ce in rufe, ya san ni tun ina yawo ba wando, ba ni zan ba shi fatawa ba. Na kawo masa malaminmu, dattijo mai furfura, ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Baffa ya saurara da ladabi, ya sa aka naɗe masa tsire, yana fita ya ce mutumin kirki ne amma yana da sassauci. Ya tura ni in tambayi likita ko suna da na azurfa, tunda ita an yarda namiji ya sa. Na je na tambaya, ina jin kunya kamar in nutse. Likita ya yi murmushi ya ce na zinari suke da shi, don jiki ba ya faɗa da shi, kuma yana fitowa sarai a hoto. Na dawo na faɗa, Baffa ya ce ban iya ciniki ba.

Na gaji. Akwai ranar da na fito daga ɗakinsa na tsaya a bakin ƙofa ina huci, Inna ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗan nan. Ba hukuncin ne bai gane ba. Ubanka yake tunawa."

Gaskiyarta. Wata rana bayan azahar na same shi a kan kujerar salla, ya idar, yana kallon daddumar da ke gaban ƙafafunsa. Bai dube ni ba ya ce, "Likitan ya ce zan koma sujada?"

"Ya ce ana sa rai ciwon ya ragu. Bai yi alkawari ba."

Ya ɗago ya dube ni. "To. Amma da sharaɗi biyu. In na mutu a ciro su kafin a rufe ni. Kuma ubanka kada ya ji."

Na ce to, don na san in na tsaya gardamar na farko, za mu koma gidan jiya.

Aka dasa. Ya farfaɗo yana shafa cikinsa, ya ce yana jin nauyinsu. Abin da ko a tafin hannu aka sa maka sai ka ƙura ido. Sannan aka kira mu ranar awo. Suka kwantar da shi a kan wata katifa da ake zuƙe wa iska ta kama siffar jikin mutum, hannuwansa biyu a sama da kai, suka ɗiga masa alamun tawada a ciki da haƙarƙari, suka ce kada ya goge. Nan ma sai da aka yi shari'a: wankansa ya inganta ko bai inganta ba? Suka ce ya riƙa zuwa da ciki ba komai, awanni kafin zama. Wannan kaɗai ne bai yi musu a kai ba, ya ce ai sai ya ɗaura niyyar azumi ya ci riba biyu, sai kuma suka ce akwai ƙwayar hana amai da zai sha kafin ya shiga. Ya ce mutanen nan ba sa son mutum da lada.

Ranar zaman farko ba zan manta da ita ba. Ɗakin sanyi ƙalau, ƙofarsa mai kauri kamar ta ma'ajiyar banki. Suka kwantar da shi, suka fito, suka bar shi shi kaɗai, muna ganinsa ta allo. Aikinsa ɗaya ne tak: in an ce ya ja numfashi ya riƙe, ya riƙe, in an ce ya saki, ya saki. Da ya motsa, na'ura za ta tsaya da kanta. Wata ma'aikaciya ta matsa abin magana ta ce da Larabci, "Ja numfashi, ya Hajj. Riƙe."

Baffa ya ce, "Na'am?"

Na'ura ta tsaya. Aka sake. Ya ja, ya riƙe, sai ga leɓensa yana motsi, ya kama salati. Ta tsaya. Aka sake. Wannan karon kan na'urar ya taso yana zagaya shi a hankali, sai muka ji muryarsa ta lasifika, "Astagfirullah, yau ni ake yi wa ɗawafi?" Ma'aikaciyar ta dube ni, ta tura mini abin maganar, ta ce in gwada da harshenmu.

"Baffa, ni ne. Ja numfashi. Riƙe. Kada ka yi magana."

"Kai ne za ka hana ni magana?"

Na kifa kaina a kan tebur. Abin da aka ce ba zai kai awa ba, sai da muka kusa cinye lokacin mutum biyu. Da ƙyar na gano dabara: na ce masa ya yi salatin a zuci, kuma duk riƙewa ɗaya ya ɗauka yana jiran mai ya gama tsiyaya daga tsire kafin ya juya. Ya ce wannan magana ce. Daga nan ya riƙe tsaf, har ma'aikaciyar ta ce mumtaz, wato madalla. Da aka fito da shi, kafaɗunsa sun sage saboda ɗaga hannu, sai da na tayar da shi. Ya shafa cikinsa, ya shinshina rigarsa.

"An fasa ne?"

"An gama, Baffa."

"Babu zafi, babu hayaƙi, babu ƙauri? Sun kwantar da ni sun kunna mini fanka, shi ke nan. Malam, an cuce mu."

Bai ce an cuce mu ba bayan zama na uku. Gajiya ta sauko masa irin wadda bai taɓa sani ba, ya wuni a kwance ko faɗa ba ya iya yi, gidan ya yi tsit har Inna ta tsorata. Zuciyarsa tana tashi. Abin da ya fi ba ni tausayi, warin nama ya koma masa abin gudu. Mutumin da hayaƙin tsire ya zame masa turare, sai ga shi yana toshe hanci in na shigo da rigar da na bi ta wajen tukuba. Kunu kawai yake iya sha, cokali kaɗan. Ya ce mini a hankali, "To, yanzu na yarda akwai wuta. A ciki suka hura ta."

Aka gama zaman, makonni suka wuce. Tashin zuciyar ya lafa, ya fara cin abinci, ya fara kwanciya a miƙe. Wata asuba na shigo zan kai masa kujera, na tarar da goshinsa a ƙasa. Ya daɗe a sujadar nan har na fara jin tsoro. Da ya sallame, fuskarsa jiƙe take. Na ce, "Alhamdu lillahi, Baffa, gashin nan ya yi aiki." Ya ce wane gashi, ruwan zamzam ne da yake sha. Na fita kawai, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa baffa.

Sharaɗi na biyu kuwa, ni na riƙe shi gam. Amma Inna ta faɗa wa aminiyarta ɗaya a unguwar Ka'akiyya, don ta taya ta addu'a. Aminiyar tana da 'yar'uwa mai zuwa sarin kaya. Kafin wata ya cika, a majalisar ƙofar gidanmu a Kano aka tari mahaifina da cewa an zuba wa yayansa zinari a ciki. Ya kira ni. Gabana ya faɗi, don na san Baba da dariyar ƙeta, na ce yau zai rama na shekara ashirin.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Magani ne." Na yi masa bayani.

"Kuma ya yarda aka sa?"

"Da ƙyar."

"Ashe ciwon ya kai haka," in ji shi. Ya kashe waya.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, muna wajen tukuba. Baffa ya samu ƙarfin da zai zauna a kujera nesa da hayaƙi yana gaya wa ma'aikatansa ba haka ake yi ba. Wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo ne daga Baba. Ya ce, "Ba shi." Na zaci ban ji daidai ba. Na miƙa. Baffa ya ga fuskar da ke ciki, ya kau da kai.

"Ka ce masa ba na nan."

"Yana ganinka, Baffa."

"Yaya," in ji Baba.

Baffa ya juyo. Baba ya matso da wayar kusa da bakinsa ya buɗe. Babu zinari. Babu ma haƙorin, sai giɓi, dasashin bai gama warkewa ba. Daga baya na ji cewa da aka ɓare zinarin, an tarar haƙorin da ke ƙasa ya daɗe da ruɓewa, dole aka tumɓuke shi gaba ɗaya.

"Na cire," in ji shi.

Baffa ya ƙura wa giɓin nan ido. Tsire yana ƙonewa a bayansa, ko waiwayawa bai yi ba.

"Wa ya ce ka cire?"

"Kai ka ce."

"Yaushe na ce? Sai yanzu? Kai kullum a makare kake." Ya yi gyaran murya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Nawa ba ya ciruwa."

"Na sani, Yaya."

"To je ka mayar da abinka. Ka yi muni."

"Ba zan mayar ba."

"Ka ji ko? Ka ji taurin kan ubanka?" Ni yake tambaya, hawaye yana bin gemunsa.

Daga ranar wayata ta zama tasu. Kullum bayan la'asar sai sun yi magana, kuma ba hirar arziki ba, faɗa. Wa ya bar akuyar mahaifiyarsu ta ci dawar maƙwabci suna yara, wa ya fi wani cin tuwo, wa ya fara ɗauke wa wani kai. Sai cajina ya ƙare suke rabuwa. Na ce kowannenku fa yana da waya. Baffa ya ce tasa ba ta nuna fuska da kyau, Baba ya ce ya saba da lambata. Shekara da shekaru ina roƙon su yi magana, da suka fara kuma na rasa lokacin da zan kira matata.

Watanni aka yi a haka, masu daɗi, ba zan yi wa Allah butulci ba. Sannan hoto ya nuna ciwon ya tsallaka hanta. Likita ya ce inda aka gasa yana nan shiru, amma cutar ta bi wata hanya. Baffa ya ce ai ya faɗa, wuta ɗaya ba ta isa rago guda. Bai ƙara tashi sosai ba. Ana saura kwanaki kaɗan, ina gyara masa matashi, na ga ya kamata in gaya masa gaskiya a kan sharaɗinsa na farko, cewa ba a fasa cikin mamaci don abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na shirya hujjojina, na shirya shan faɗa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bar su. Na hana ɗan'uwana kwano saboda guda ɗaya. Ni da uku zan tafi. Bar su in je in yi bayani da kaina."

To, mutanen Mansur, kun ji giram nawa ne.

Ranar da muka tashi zaman gaisuwa, ina tattara kujeru, Baba ya kira, bayan la'asar, daidai lokacin da suka saba. Na ɗauka, muka yi shiru mu biyu, don wanda ake miƙa wa wayar ba ya nan. Ya yi mini gaisuwa na yi masa. Tun da ya cire haƙorin nan maganarsa take fita da ɗan fito, in ya ce sannu sai ka ji kamar ana kiran tsuntsu. Na ce, "Baba, ka je a cike maka giɓin nan mana. Ko na roba ne. Shi ma ai cewa ya yi ka mayar."

"Da ya ce in cire, na cire?"

"Sai bayan shekara ashirin."

"To wannan ma ya jira." Ina ganin kumatunsa yana motsi. "Harshena ba ya barin wurin. Ina cin abinci ya je, ina zaune ya je. Duk zuwan da ya yi, sai in ce Allah ya jiƙan Yaya. Ka bar mini giɓina."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa da hasken da ko shi ba zai ce ba haka ake yi ba. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin shirun da ya bar mana.